Ranar da na ci pweza a Jambiani

 

Yau na ɗan ajiye maganar kasafin kuɗi da katin zaɓe, maganar abinci zan yi. Na san wani zai ce to, shi ke nan, an fara fita waje an fara canzawa. Ku dai ba ni aron kunnuwanku zuwa ƙarshe, don faranti ɗaya ne na ci a bakin teku, kuma har yau bai gama sauka a cikina ba.

Wasunku sun san an gayyace ni wani taron matasa kan sauyin yanayi a Zanzibar. Ga wanda bai sani ba, Zanzibar tsibirai ne a Tekun Indiya, manyansu biyu, Unguja da Pemba. Sun haɗe da Tanganyika ranar 26 ga Afrilu 1964 aka samu Tanzaniya, amma har yanzu suna da shugabansu da majalisarsu. Kusan kowa a can Musulmi ne. Kwana biyar muka yi a wani ɗakin taro mai sanyin esi a tsohon garin da ake kira Stone Town, muna ta magana kan masunta da manoma, kuma wallahi ko masunci ɗaya ban gani ba a kwana biyar ɗin nan. Ranar ta shida babu taro, sai na ce bari in je in ga tekun da muke ta yi wa lacca.

Na hau dala-dala, wato motar haya ta can, na nufi wani ƙauye a kudu maso gabashin Unguja mai suna Jambiani. Na sauka wajen ƙarfe goma sha ɗaya, na ratsa tsakanin gidajen dutse, na fito bakin ruwa, sai na tarar babu ruwan. Farin rairayi ne shimfiɗe, kwale-kwale a kwance a kan yashi kamar an manta da su, teku kuma can nesa, sai ka ƙanƙance ido kafin ka hango farin kumfarsa. Ni ɗan tudu, na zaci kogi ne ya ƙafe irin namu na rani. Ashe haka yake yi kullum: sau biyu a kwana ɗaya ruwan yana janyewa, a wannan gaɓar ya kan ja da baya fiye da kilomita guda, bayan sa'o'i kamar shida ya dawo. Jan wata ne ke yin wannan aikin. An koya mana a sakandare, na ma ci a jarrabawa, amma ranar na fahimta.

Gidan abincin da na shiga ba shi da ƙofa balle a ce na shiga. Rumfa ce da aka rufe da ganyen kwakwa, su suna ce masa makuti. Teburan da katakon tsohon jirgin ruwa aka yi su, har ramukan ƙusa suna nan. Ƙasa yashi ne, kowa ya tuɓe takalmi. Turawa kamar shida suna zaune, yawancinsu 'yan Italiya, ga wani saurayi Bamasaye da jan mayafinsa yana tallar duwatsun wuya, yana zuba musu Italiyanci kamar a Roma aka haife shi.

Saurayin da ke kawo abinci ya taho da fara'a ya ce, "Karibu kaka."

Na waiga in ga ko da wani tsoho a bayana. Ni ne dai kakan. Ban kai talatin ba fa. Sai daga baya ya yi mini bayani cewa a Swahili kaka yana nufin yaya, wato wa. Na ce masa a wurinmu kaka shi ne mahaifin mahaifinka, ya ce su wannan babu suke ce masa. Na ce to mu babu ita ce amsar da gwamnati ke ba mu. Bai gane ba, amma ya taya ni dariya. Da ya miƙo takardar abinci kuma na ga an rubuta gasasshen kuku, na ce Innalillahi, mai girkin ake gasawa? Kuku a wurinsu kaza ce.

Amma akwai kalmomin da suka sa na ji kamar ina gida, saboda mu da su duk mun sha daga Larabci. Suna cewa dunia, siasa, sabuni, habari, wakati. Kanumfarin da iyayenmu mata ke sa wa a kunun zaƙi da yaji, su karafuu suke ce masa, kuma ƙasarsa ke nan, musamman Pemba. Tun ƙarni na 19, zamanin Sayyid Sa'id na Oman wanda ya mayar da fadarsa Zanzibar, aka cika tsibiran da gonakinsa, kuma bayi ne suka noma shi. Sai a 1873 aka rufe kasuwar bayi ta garin. Wannan labari ne na wata rana.

Na duba takardar. Akwai kifi gasasshe, akwai jatan lande, akwai ƙaguwa, akwai shinkafa da aka dafa da madarar kwakwa. Akwai giya ma a bayan takardar, don baƙi. Ni na ce a fasa mini ɗanyar kwakwa, madafu suke ce mata. Sai saurayin ya ɗora yatsa a kan wani layi ya ce, kaka, in ba ka ci wannan ba to ba ka zo Jambiani ba. Pweza.

Pweza wata halitta ce ta teku mai hannuwa takwas, ba ta da ƙashi ko ɗaya, kowane hannu da wasu 'yan kofuna a jere da take manne wa dutse da su. Kun sha ganinta a fim. Abin da ya fara zuwa raina shi ne, wannan ya halatta kuwa? Sai na tuna karatun zaure: a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne, haka ma a wurin Shafi'awa, wadda ita ce mazhabar mafi yawan mutanen gaɓar. Hanafawa ne suka tsaya a kan kifi kawai. To shari'a ta ba ni hanya, saura zuciyata. Saurayin ya ƙara da cewa romonta maganin maza ne, ya kashe mini ido ɗaya. Na ce masa ni tuzuru ne, ya kawo dai don ilimi.

Kuɗin farantin shilin 30,000. Na buga a waya, ya kama wajen dala 12. Ban mayar da shi naira ba don kada hawan jini ya kama ni. Kuɗin guzurin taro ne a aljihuna, na ce a kawo. Ku riƙe wannan lambar, za mu dawo kanta.

Na tambaye shi yaushe zai nuna, ya ce "saa saba". Saba dai na san bakwai ne. Na ce bakwai na dare? Yanzu fa ko azahar ba a yi ba! Ya yi ta dariya. Ashe su lissafin agogonsu daga fitowar rana yake farawa. Ƙarfe bakwai na safe shi ne sa'a ta ɗaya, don haka sa'a ta bakwai ita ce ƙarfe ɗaya na rana. Kuma in ka duba, nasu ya fi namu ma'ana: wa ya ce gari yana wayewa da sha biyun dare?

To a zaman jiran nan ne abin ya faru.

Can cikin filin da teku ya bari, na hango mata, sun kai talatin, a sunkuye, ruwa iya ƙauri, da atamfofinsu masu launi da suke kira kanga. Na ɗauka wanki suke. Saurayin ya ce noma suke. Gona a cikin teku. Abin da suke nomawa sunansa mwani, wata ciyawar ruwa ce mai kama da jijiyoyi. Ana kafa turaku a yashi, a ɗaura igiyoyin leda tsakaninsu, a ɗaɗɗaura 'yan guntayen ciyawar a jikin igiya. Bayan kamar mako shida sai a cire, a kwaso a buhu a ka, a shanya ta bushe, a sayar wa dillalai a kan kilo. Tun 1989 aka fara wannan noma don kasuwa, a nan Jambiani da maƙwabciyarta Paje, da irin da aka kawo daga Filifin, kuma mafi yawan masu yinsa mata ne. A ƙasashen waje ake tace ta a fitar da wani sinadari mai suna karajinan, wanda ke sa abu ya yi kauri. Ana sa shi a man goge baki da askirim da wasu kayan kwalliya.

Da ruwa ya fara dawowa sai suka fara fitowa. Wata dattijuwa, za ta yi sa'ar mahaifiyata, ta biyo ta gefen rumfar da buhu a ka, ruwa na ɗiga a kafaɗarta. Ta tsaya ta bayan kicin aka ba ta ruwan sha. Rana ta haske ta, ga shuɗin teku a bayanta. Ni kuma ɗan gwagwarmaya, hannuna ya tafi aljihu da kansa. Na ɗaga waya na ɗauka. Har na fara tsara abin da zan rubuta a ƙasan hoton, irin kalaman nan namu, mata a sahun gaba na yaƙi da sauyin yanayi.

Ta gan ni. Ba ta yi faɗa ba. Ta ja gefen mayafinta ta rufe rabin fuska, ta faɗi wata magana gajeriya, ta ci gaba da shan ruwanta. Saurayin ya yi shiru. Na ce me ta ce? Ya ce ba komai kaka. Na matsa masa. Ya ce, cewa ta yi, shekara da shekaru ana ɗaukar hotonta, kuɗin kilo bai sani ba.

Jama'a, na sha zagi a intanet, an taɓa kore mu daga harabar wani ofishi da kulki, amma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na tashi na je, na rusuna na gaishe ta da gaisuwar da ake yi wa manya a can, shikamoo mama, ta amsa marahaba. Na nuna mata wayar, na goge hoton a gabanta. Ta kalle ni ta ce wani abu, saurayin ya fassara: wai daga ina nake? Na ce Najeriya. Ta ce Musulmi? Na ce Alhamdulillah. Ta ce to ai da sai ka fara da sallama.

Ta ɗan zauna a kan buhunta muka yi hira ta bakin saurayin. Iri biyu ne na mwani, in ji ta. Akwai mai tsada da ake kira kotoni, akwai mai araha, spinosum. Mai tsadar ya daina yi a ruwa marar zurfi, saboda ruwan ya yi ɗumi da yawa. Sai ya yi fari-fari ya ruɓe ya kakkarye a jikin igiya. In ana son shi sai an shiga can ciki inda ruwa ke da sanyi, wannan kuma sai da jirgi, sai da iya iyo, kuma yawancin matan ba a koya musu iyo ba duk da a bakin teku aka haife su. Don haka suka koma wa mai arahar. Na ce nawa ne kilo? Ta ce busasshe, in kasuwa ta yi kyau, ba ya wuce shilin 1,000.

Kun tuna lambar? Farantin da nake jira, kilo talatin ne na busasshen mwani, in kasuwa ta yi kyau. Kuma kafin a samu kilo ɗaya busasshe sai an ɗauko ninkin-ba-ninkinsa jiƙaƙƙe a ka. Kwana biyar muna cewa ɗumamar teku a ɗakin taro, da majigi da jadawali, babu wanda ya ce mana ga yadda take a buhun wata.

Ana cikin haka abinci ya iso. Kuma a nan ba zan yi muku ƙaryar cewa na kasa ci ba. Na ci, kuma ya yi daɗi ƙwarai. An yanka pwezan gutsi-gutsi, an dafa cikin madarar kwakwa da kurkum da tafarnuwa da citta, an matsa lemon tsami. Naman yana da ɗan danƙo kamar ganda da ta nuna sosai, amma ya fi ta laushi. Saurayin ya ce kafin a dafa sai an yi ta bugunsa a kan yashi ko dutse, in ba haka ba sai ka kwana kana tauna. Shinkafar kwakwa a gefe, da yankakken tumatir da albasa da barkono da suke kira kachumbari. Na wanke hannu na ajiye musu cokalinsu. Ruwa kuma ya dawo har yana taɓa ƙafar teburin gaba, kwale-kwalen da ke kwance duk sun miƙe suna rawa. Na yi wa dattijuwar tayi, ta ce ta gode, ta ɗauki buhunta ta wuce.

Na tambayi saurayin, kai kana cin wannan? Ya ce yana ɗanɗanawa in an rage. Da can, in ji shi, pweza abincin kowa ne, mata ke zaƙulo shi daga ramukan dutse da sanda in ruwa ya janye. Yanzu in jirage suka dawo aka yi gwanjon kifi a bakin ruwa, masu sayen otal-otal ne ke ɗaga farashi, manyan kifaye su tafi kicin ɗin baƙi, mutanen gari su koma wa dagaa, 'yan ƙananan kifin nan kamar yatsa. Masunci ya samu kuɗi fiye da da, wannan gaskiya ne, amma maƙwabcinsa da ba ya su ya daina ganin babban kifi a tukunya.

Haka maganar ruwan sha. Gabashin Unguja dutsen murjani ne, ruwan daɗi daga rijiyoyi da koguna na ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, in aka zuƙa da yawa sai na gishiri ya shigo. Wata ƙungiya ta Birtaniya, Tourism Concern, ta fitar da rahoto a 2012 da ya nuna cewa a ƙauyukan gaɓar nan ɗaki ɗaya na babban otal yana iya shan sama da lita 3,000 a rana, alhali gida guda na mutanen gari bai kai lita 100 ba.

Yanzu kada wani ya ce na ce yawon buɗe ido sharri ne. Saurayin nan da wannan aikin yake biya wa ƙannensa biyu makaranta. Da bakinsa ya ce mini lokacin korona da baƙi suka ɗauke ƙafa, sun ga tashin hankali. In na ce kowa ya daina zuwa, shi na fara yankewa. Abin da ya dame ni shi ne yadda aka raba farantin: wanda ya shiga ruwa da wadda ta sunkuya a rana su ne ke karɓar mafi ƙanƙantar loma, kuma mu masu zuwa da sunan kare su, mu ma a teburin muke zaune.

Akwai abu ɗaya da ya faranta mini rai, kuma ina so matasanmu na yankunan ruwa su ji shi. A wasu ƙauyukan, musamman a Pemba, masunta da kansu sukan rufe wani yanki na teku su hana kama pweza na kamar wata uku. Halittar tana girma da sauri, don haka ranar da aka buɗe sai a kamo manya masu nauyi, kuɗin ya fi auki. A wani ƙauyen Madagaska mai suna Andavadoaka aka fara gwada wannan a 2004, daga baya wata ƙungiyar gida mai suna Mwambao ta taimaka aka kawo shi nan. Kwamitin masunta na ƙauye ne ke tsaro, shi ke cin tarar wanda ya karya. A tsibirin Misali kuma, kusa da Pemba, da dokar gwamnati ta kasa hana su da nakiya, sai aka bi ta hannun limamai da malaman islamiyya, aka yi ta wa'azi kan amanar da Allah ya ɗora wa ɗan Adam a bayan ƙasa, mutane suka saurara.

Da yake ba ni wannan labari sai na ce, kai, ai mu ma muna da shi. Kogin Matan Fada na Argungu, ba hana su ake yi a cikinsa ba sai lokacin biki? Ba Sarkin Ruwa ke riƙe da wannan doka ba? Shi ya sa ake fito da giwan ruwa da sai mutum biyu sun ɗaga. Mu mun mayar da shi kallo da ganga, har UNESCO ta sa bikin a kundinta a 2016, amma a ƙarƙashinsa dabara ce ta barin ruwa ya huta. Ni kaina sai da na je wata ƙasa na ci abu mai hannu takwas kafin na kalle shi a haka. Kuma nawa ne a cikinmu suka taɓa tambayar nawa masuncin Baga ya karɓa a kan kwalin bandar da ake saukewa a kasuwanninmu? Ni dai ban taɓa ba, kuma da miyarta aka raine ni.

Da na zo biya na ba shi 35,000 na ce ya riƙe canji. Na kuma roƙe shi abu ɗaya, in ya tashi aiki ya kai ni inda shi yake cin abinci. Bayan magariba muka bi wani lungu a bayan masallaci, wurin wata mata mai tukwane uku da benci, irin masu abincin bakin tasha namu. Aka zubo mana urojo, wani rome ne mai tsami ruwan ɗorawa, da dankali da ƙosai irin nasu da ɗan tsire da yaji a kai, shilin 2,000 kwano. Muna ci sai ga dattijuwar nan ta zo sayen abu, ta canza kaya, ban ma gane ta ba sai da ta yi magana. Ta nuna ni ta ce wa mai abincin wani abu, duk wurin aka fashe da dariya. Saurayin ya ce wai cewa ta yi, ga ɗan Najeriyar da ya zo da waya ya manta da sallama. Na ce Assalamu alaikum, da ƙarfi, duk suka amsa.

Da na dawo gida, washegari da asuba na ɗauki makilin zan goge baki, sai na juya bayansa na karanta jerin abin da aka haɗa shi da su, da 'yan ƙananan haruffan nan da ba mai karantawa. Karajinan yana ciki. Ku ma ku duba naku.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma gida, ina neman masunci ko mai sayar da banda daga Baga ko Yawuri ko Nguru da zai yarda mu yi hira, shi ya yi magana ni in yi shiru. Wanda ya san wani ya turo mini saƙo. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.